Kujeru Biyu a Bikin Rogo

Matso kusa, don Allah, ga gefen tabarma nan. Maganar da zan yi maka ba ta son ɗaga murya, ni ma kuma na gaji da ɗagawa. A gidan nan kusan komai da ƙarfi nake faɗarsa, ko "ga tuwo" na ce sai maƙwabta sun ji kafin mai tuwon ya juyo. Wannan dai ita kam a hankali za ta fito.

Dattijon nan da yake wuni a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu yana kallon hanya, maigidana ne. In ka taɓa yi masa sallama bai amsa ba, kada ka riƙe shi a zuci, bai ji ba ne. Sunansa kuwa ba za ka ji shi a bakina ba, tun ina amarya ban taɓa faɗa ba, ba yau da furfura zan fara ba. Makaɗin kukuma ne. Duk wanda ya yi ƙuruciya tsakanin Karaye da Rogo a shekarun baya, in dai ƙafarsa ta taɓa shiga filin rawa, da wuya a ce bai taka kiɗansa ba.

Ni 'yar Daurar Karaye ce, aure ya kawo ni wannan ɗan ƙauye na gefen Ruwan Bago. Ba ni da yawo. Daga ɗaki sai madafi sai bakin rijiya, kuma ban taɓa jin an tauye ni ba. Karatu ma kaɗan na taɓa, na yaƙi da jahilci, da girmana. Abin da Allah ya ba ni shi ne kunne. Ina tsakar gida nake gane wace maƙwabciya ce ta fara daka, daga saukar taɓaryarta. In tulu ya tsage, tun bai fara yoyo ba nake ji a ƙararsa.

Maigidan ba shi kaɗai yake kiɗa ba. Su biyu ne, shi da amininsa mai kalangu, tun suna samari. Ba su da 'yan amshi, ba su da maroƙi, waƙa ma ba su cika yi ba. Kiɗan rawa ne zalla, irin wanda suka tarar iyaye suna yi. Da damina manoma ne kamar kowa, dawa da gero da gyaɗa. In kaka ta yi aka fara bukukuwa, sai su saɓa kayansu, yau suna wannan gari gobe suna wancan.

Halinsu ko kusa bai zo ɗaya ba. Nawa dogo ne, shiru-shiru, sai ya wuni bai ce uffan ba. Mai kalangu kuwa gajere ne, bakinsa ba ya hutawa, tun daga bakin hanya ake jiyo dariyarsa. Har na aurar da 'ya'ya bai daina ce mini Amarya ba. In ya zo ɗaukar abokinsa sai ya tsaya a zaure ya ɗaga murya.

"Amarya, a sako mana shi haka nan, rana tana yi."

"Wa ya riƙe shi? Kai dai ƙanshin ɗumame ne ya fito da kai da sassafe."

"Wane ɗumame, wannan da gishiri ya kashe? Kawo dai in taimaka miki da shi, kada a ce an zubar."

Sai ya cinye tas, ya ce a ƙaro.

Abin da aka san su da shi shi ne zamansu. Ba sa zama gefe da gefe kamar sauran makaɗa. Tabarma ɗaya suke shimfiɗawa a tsakiyar fili, su zauna baya da baya, kowa ya jingina da ɗan'uwansa. Sun ce tun farkon fitarsu suka fara haka, don masu rawa kewaye su suke yi, kowa sai ya fuskanci rabin fili, kuma a tsakiyar fili babu bangon jingina, ga zama mai tsawo. Da ido ya saba, sai ya zama in an ce "masu baya da baya" kowa ya san da wa ake. Maigidan kuma da zarar kiɗa ya yi zafi sai ya rufe ido, ba ya buɗewa sai an gama.

Kiɗe-kiɗensu da yawa. Akwai na roron gyaɗa, mai sauri, akwai wani mai sanyi da tsofaffin mata suke so, wanda ake takawa da mayafi a kafaɗa ba a ko yin gumi. Amma wanda ya fi tashe shi ne wanda 'yan mata suka sa wa suna Tsaya-cak. Ana cikin rawa, kiɗa ya yi daɗi, sai kalangu da kukuma su yanke lokaci ɗaya, ɗif. Kowa sai ya ƙame yadda yake, ko da ƙafa ɗaya a sama. Wanda ya ƙara taku an kama shi, sai a yi masa dariya ya fita daga fili. Wurin yankewar ba a san shi ba, mai kalangu ne yake zaɓa duk inda ya ga dama, kukuma kuma dole ta yanke tare da shi.

Ni ma an taɓa kama ni, ina budurwa, a wani biki a Karaye. Kowa ya tsaya, ni kuwa na sake juyi guda da zanena sabo. Ana ta yi mini dariya na ga mai kukumar ya buɗe ido ɗaya ya dube ni ya mayar ya rufe. Daga baya mai kalangu yakan ce shi ya kamo wa abokinsa mata, don haka ɗumamen gidan nan haƙƙinsa ne har abada. Bayan na shigo gidan, in bikin na kusa ne daga tsakar gida nake jin su, kuma ban taɓa jin tsirkiyar maigidan ta wuce kalangun da ko ƙiris ba.

Ciwon ya faro ne da wani zazzaɓi mai zafi da ya kwantar da shi wata damina. Ya tashi, amma kunnen hagu bai tashi tare da shi ba. Na daman ya riƙe shi 'yan shekaru, shi ma yana ta ja da baya a hankali. An yi na asibiti, an yi na gida, abin sai gaba. Mutane sun san kunnensa ya yi nauyi, amma ba su san iyakar nauyin ba, don dama shi ba mai magana ba ne, kuma ya koyi kallon baki. In kana gabansa kana magana zai bi ka sarai. In an taru ana hayaniya kuwa, ya ce mini ji yake kamar ya nutsa kansa a cikin kogi.

Ni na fara gane abin ya kai ga kukumar. Wata safiya yana gyara ta a ƙofar ɗaki, ya shafa ƙaro a izgar da ake goga ta da ita, ya goga, ya gyaɗa kai alamar ta yi. Ni kuwa ina tankaɗe na ji ta yi ƙasa, kamar muryar mai mura. Na daɗe ina juya maganar kafin na zo gabansa na tsuguna.

"Maigida, ba ta hau ba."

Ya dube ni, ya dubi kukumar. Na zaci zai yi faɗa, don ban taɓa sa masa baki a sana'arsa ba. Sai ya matsa ɗan icen da tsirkiya take hawa kai, wanda suke ce wa jaki, ya sake gogawa, ya ɗago yana kallon bakina.

"Saura kaɗan," na ce.

Ya ƙara.

"Ta yi."

Daga ranar ya zama aikina. Kafin kowace fita sai ya shanya ta a rana fatar ta ɗame, sannan ya zauna a ƙofar ɗakina yana gogawa, ina cewa ƙara, rage, ta yi. In ta hau, sauran aikin na yatsu ne, su kuwa sun san hanya. Na tambaye shi, to kalangun fa, yaya yake bin sa? Ya yi ɗan murmushi ya kai hannu ya taɓa bayansa.

"Nan nake jin sa. In ya matse kalangu allon kafaɗarsa na hagu yana motsi, in ya buga na dama yana motsi. In zai yanke kuwa, sai ya ja numfashi bayansa ya sandare. Kafin hannunsa ya tsaya na riga na sani."

A ranar ce ya sa ni alkawari. Ya ce ko 'ya'yanmu kada su san abin ya kai haka, balle mai kalangu.

"Amininka ne fa, Maigida."

"Shi ya sa. Ranar da ya sani, ranar zai fara yi mini kiɗan tausayi. Zai rage gudu saboda ni, ya riƙa lallaɓa ni kamar mai jinya. In dai sai an ɗauke ni zan yi kiɗa, gara in rataye ta."

Na ce na yi alkawari. Suka ci gaba da yawonsu shekara da shekaru, ba wanda ya ji wani bambanci. Ni ma da nake taƙama da kunne ban ji ba. Har cewa ake yi tsufa ya ƙara musu daɗin hannu.

Sai bikin 'yar ƙanwata ya taso, a Rogo Sabon Gari. Uban angon yana aiki a wajen hakimi, mutumin kirki ne, ba zan ɗora masa laifin da ba shi da shi ba. Da kiɗansu ya yi samartaka, ya ce bikin ɗansa ba zai yiwu ba sai da su. Ni ma dole na fita, tunda uwa nake a bikin. Da safe ya goga kukumar a ƙofar ɗakina na ce masa ta yi, muka shiga mota ɗaya.

Bayan la'asar aka taru a filin ƙofar gidan uban ango. An kafa rumfuna, an jera kujeru, an kawo mai na'ura da manyan lasifikoki. Mu mata muna gefe ɗaya. Ina zama na hango abin da ban so gani ba. A gaban rumfar manya an ajiye kujeru biyu na alfarma, masu hannu da majingina mai laushi, duka suna fuskantar jama'a. A tsakaninsu an sa ɗan tebur da ruwan roba a kai, kowace kujera da abin magana a gabanta.

Na ga mai kalangu ya tsaya yana sosa ƙeya. Ya ce wa uban ango wani abu yana nuna ƙasa, daga inda nake na tsinci kalmar tabarma. Uban ango ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Haba Baba, a bikin ɗana ku zauna a ƙasa? Me za a ce da ni? Shekara nawa kuna kan tabarma, yau dai ku huta."

Mai kalangu ya sake magana, aka sake rantse masa. Maigidan bai ji abin da ake cewa ba, amma ya ga kujerun. Ya dube su, ya waiwayo wajen mata yana nemana da ido. Sai ya gyara babbar rigarsa ya zauna.

Da farko abin ya tafi. Sun fara da mai sanyin nan na tsofaffi, na ga idon maigidan a buɗe, yana satar kallon hannun abokinsa ta gefe. Aka yi na roron gyaɗa, nan ma an tsira, ko da yake ni na ji kukumar tana ɗan jan ƙafa a baya. Mai kalangu ya yi ta jan lokaci, ya maimaita wannan ya koma wancan. Sai wata gwaggon ango ta miƙe ta ɗaure gyale a ƙugu, ta ce ita ba ta zo bikin nan don rawar tsofaffi ba, a yi mata Tsaya-cak. Fili ya ɗauka. Mai kalangu ya ce hannunsa ya gaji, aka ce ba a yarda ba. Ya ce yaran yanzu ba su san rawar ba, iyaye mata suka ce ai su sun sani. Da ya ga babu mafita, sai ya leƙo ta kan teburin ya faɗa wa abokinsa sunan kiɗan a fuska.

Aka shiga. Kiɗan ya hau, fili ya cika. Ina kallon fuskar maigidan ina roƙon Allah kada ya rufe ido. Amma jiki ya riga ya saba. Da daɗin ya kai masa sai na ga idon ya lumshe, kansa ya karkata kan kukumar.

Kalangu ya yanke. Mata suka ƙame. Kukuma ta ci gaba ita kaɗai, ta cikin lasifika, har bayan gari ana ji.

Aka fashe da dariya. Wani ya ce yau mai kukuma aka kama, ya fito daga fili. Kowa ya zaci wasa ne suka shirya. Mai kalangu ma ya yi dariya, ya nuna shi da sandar kiɗansa kamar dama haka aka tsara, ya yi maza ya koma cikin kiɗan. Ya daɗe bai sake yankewa ba, har mata suka fara kiran a yanke. Na ga ya miƙa ƙafa ta ƙarƙashin tebur yana neman ƙafar abokinsa, bai kai ba. Ya buga ƙafar a ƙasa da ƙarfi, ya yanke. Kukuma ta wuce abinta. Dariyar wannan karon guntuwa ce, kuma na ji wata a bayana tana cewa, "Anya lafiya?"

Daga nan bai sake yankewa ba. Ya koma bin kukumar duk inda ta nufa, ita kuwa da babu bayan da take jingina sai ta yi gudu, ta dawo ta yi sanyi. Masu rawa suka rasa inda za su sa ƙafa, suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Wani daga cikin samarin gidan ya yi wa mai na'ura alama. Aka kashe abin maganar gabansu, aka saki waƙar zamani.

Mai kalangu ya sauke hannu. Matasa suka cika fili da tasu rawar. Maigidana yana nan a kujerar alfarma, ido rufe, yana goga kukumarsa, kansa yana kaɗawa, har da ɗan murmushin nan da yake yi in ya kai wurin da ya fi so. Duk ƙarar lasifikar nan ina jin tsirkiyarsa a ƙarƙashi, siririya, kuma wallahi ta hau daidai, yadda na ce masa da safe. Ina ƙoƙarin miƙewa sai na ga mai kalangu ya tashi, ya zagaya teburin, ya ɗora masa hannu a kafaɗa.

Ya buɗe ido. Bai dubi fuskar kowa ba, ƙafafun masu rawa ya duba, don shi daga ƙafa yake gane kiɗan da ake takawa. Ya ɗan jima yana kallo, sannan ya sa kukumar a jakarta ya ɗaure bakin.

Muka koma gida. Sai washegari da hantsi, ina shara, ya kira ni ya ce in tsaya a gabansa.

"Na daɗe ni kaɗai?"

"Ba ka daɗe ba."

Ya ƙura wa bakina ido. "Bakin nan naki bai iya ƙarya ba," ya ce. Ya shiga ɗaki ya rataye jakar a ƙusa, can sama kusa da rufi.

Uban ango ya aiko da gaisuwa da goro, shi ya zaci gajiyar tsufa ce. Mai kalangu ya ci gaba da zuwa. Sukan zauna a gindin darbejiya gefe da gefe, a yi maganar taki da tsutsar da ta faɗa wa dawa. In an aiko gayyatar biki, maigidan sai ya ce yatsunsa ne suke ciwo, mai kalangu ya ce to a bari su warke. Samari masu kukuma sun nemi ya riƙa fita da su, ya ce shi bayansa bai saba da baƙo ba. Kaka ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ƙauyen nan shiru.

Abin ya yi ta cin raina, mutum biyu suna ƙaunar juna amma suna zaune kamar surukai. Wata rana maigidan yana gona na ji sallamar mai kalangu a zaure, ba dariya, ba maganar ɗumame. Na yafa mayafi na tsaya a bakin ƙofa ta ciki. Muka gaisa, ya tambayi yara, na tambayi mutanen gidansa. Sai na ji bakina yana cewa, "Akwai maganar da ya kamata ka sani game da abokinka."

"Amarya, tsaya nan," ya ce. "Na san an sa ki alkawari, don na san wanda kike aure. Riƙe abinki. Ni zan faɗa, ke ki saurara."

Ya zauna a dakalin zaure. Ya ce tun da daɗewa ya sani. Wani biki ne a Karaye, ƙurji ya fito masa a kafaɗa, ya riƙa kiɗa yana ɗan janye bayansa don kada a fama masa. Sai ya ji kukuma tana lalube. Ya cije ya mayar da bayan, nan take ta dawo hanya. Ya sake janyewa don ya tabbatar, ta sake ɓata.

"Daga ranar kiɗa biyu nake yi, Amarya. Ɗaya da hannu, na mutane, ɗaya da baya, nasa. Kin ji ana cewa tsoho ya ƙi tsufa, yana girgiza kafaɗa kamar saurayi? In na koma gida sai an gasa mini bayan nan da ruwan zafi. Numfashin da nake ja kafin in yanke, kina tsammani da can ina yin sa? Don shi na ƙirƙiro."

"Ka riƙa rage masa gudu ke nan?"

"Ko sau ɗaya. Wa zai rage wa wannan gudu? Ni ne ma nake haƙilon bin sa."

Ya ce ranar Rogo ita ce ta tsaya masa a rai. Ya roƙi tabarma, ya sake roƙa. In ya nace sai an tambaye shi dalili a gaban jama'a, dalilin kuwa ba nasa ba ne balle ya faɗa. Ya ce har ya yi niyyar cewa cikinsa ke ciwo su tafi, sai ya ga abokinsa ya riga ya zauna ya gyara riga, ya ga yadda kujerar ta yi masa kyau.

"To ka gaya masa mana," na ce. "Ka ce ka sani, ku shimfiɗa tabarmarku ku ci gaba."

"In ce masa shekarun nan duka da yake ganin shi ya riƙe kansa, ina sane da komai? Abin da ya rage masa ke nan, Amarya. Yana ganin sau ɗaya ya faɗi, a Rogo. In na yi magana, sai ya koma ya bi kowane biki ɗaya bayan ɗaya yana tambayar kansa ko tausayinsa aka ji. Ke ma yanzu ki yi mini irin wanda kika yi masa. Kada ya ji daga bakinki."

Na yi masa. Haka na koma madafi da alkawari biyu, kowanne ya ba ɗan'uwansa baya, kamar masu su.

Da damina ta zagayo ciwon ƙirji ya kwantar da mai kalangu. Maigidan kullum yana can. Ranar da aka ce jikin ya yi tsanani na bi shi, don matarsa ƙawata ce. Muka tarar ana so a ba shi kunu ya kasa zama, in an tokare shi da matashin kai sai ya zame. Maigidan ya hau tabarmar, ya juya, ya ba shi baya. Aka jingina marar lafiya a jikinsa.

Ya sha kunu kaɗan ya kau da kai. Muna tsaye a bakin ƙofa ni da matarsa. Can sai na ga kafaɗarsa ta hagu ta motsa, sannan ta dama, a hankali, da ƙyar, hannuwansa suna kwance a cinya ba su ko ɗaga ba. Na dubi maigidan. Idonsa a rufe, yatsun hannunsa na hagu suna tafiya a kan gwiwarsa. Ɗakin shiru, sai kukan kaji a waje, amma ni na gane kiɗan da ake yi, na bi shi tun daga farko. Suka yi nisa. Sai marar lafiya ya ja numfashi, bayansa ya tsaya. Yatsun maigidan suka tsaya tare da shi, cak.

Na zaci shi ke nan. Sai na ji 'yar dariyar mai kalangu ƙasa-ƙasa, tari ya biyo baya.

"Ba a kama kowa ba," ya ce.

Maigidan bai ji ba. Yana bayansa, ba ya ganin bakin.

Mai kalangu bai kai kaka ba ya rasu. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Bayan an share makoki maigidan ya dawo gindin darbejiya, shi kaɗai. Wata rana na kai masa fura, sai ya riƙe bakin zanena ya ce in tsuguna.

"Kin san abin da yake damuna? Ya tafi bai san dalili ba. Ya tafi yana zaton na gaji da shi ne, ko na ƙullace shi a kan abin Rogo. Mutumin da ya ƙi kiɗa da kowa saboda ni, na bar shi da ƙaryar ciwon yatsu. Ko ranar nan da yake kwance, kafaɗarsa tana kiɗa don sabo, bai san da ita nake ji ba. Da na sani na gaya masa."

Ya faɗi haka yana kallon bakina, yana jiran abin da zai fito. Na ce Allah ya gafarta masa. Na tashi na shige.

Tun daga nan yakan maimaita maganar, wani lokaci gare ni, wani lokaci shi kaɗai, da ƙarfi, don bai san muryarsa tana fita ba. Tuwon da nake kai masa rabi yake dawowa. Kukumar tana nan a ƙusa. In damina ta yi nakan ji tsirkiyarta ta yi 'yar ƙara ita kaɗai a cikin jaka, fatar tana saki. Ban taɓa ta ba, shi ma bai ko ɗaga kai ya dube ta.

In na gaya masa, zai san amininsa bai tafi da ƙulli a zuci ba, ya san komai, ya kuma zauna da shi a hakan. Amma zai kuma san abin da ya ce gara ya rataye kukuma da a yi masa, an daɗe ana yi. Mai kalangu ya ce bai taɓa rage gudu ba, kunnena ma shaida ne, sai dai ban sani ba ko maigidan zai yarda, ko zai ce ni ma lallaɓa shi nake. Wanda ya sa ni alkawari na biyun kuwa yana ƙasa, babu yadda zan koma in ce ya sake ni.

Ga shi kuma yanar ido ta fara kama shi. Yanzu sai na matso sosai yake ganin bakina. Wannan ba maganar da zan faɗa da ihu ba ce maƙwabta suna ji, in zan faɗa da leɓe zan faɗa, tun yana iya gani. Jiya ma na kai masa ruwa na tsuguna a gabansa, na buɗe baki, sai na ji kaina ina ce masa akuya ta haihu.

Kai da ka ji duka, ka gaya mini tsakaninka da Allah, in faɗa masa, ko in bar shi da abin da ya sani?